Taƙaitawar Tattaunawa Kan Kalmar "Axes" da Ire-irenta a Turanci

Ga abin da na tattaro daga bayanan 'yan uwa kan jam'i guda da sunaye biyu suke tarayya a kansa a Turanci.

1. Kowa ya amince cewa "axes" jam'in "axe" ne, wato gatari, kuma jam'in "axis" ne, wato layin da abu yake juyawa a kansa, irin wanda ɗalibai suke gani a darasin lissafi. Haka "bases" yake zama jam'in "base" da na "basis".

2. Dalilin haɗuwar shi ne da yawa daga cikin sunayen da suka shigo daga Latin ko Girkanci masu ƙarewa da "is" suna komawa "es" a jam'i, kamar yadda "crisis" yake zama "crises". Bambancin yana fitowa ne a baki, domin ana jan wasalin ƙarshe idan ana nufin layukan lissafi, ana taƙaita shi idan ana nufin gatura. Wasu sun kwatanta wannan da "gari" a Hausa, inda rubutu ɗaya yake nufin wurin zama ko garin tuwo, kuma ina ganin wannan misali zai taimaki malamai sosai.

3. An sami saɓani kan "leaves". Wasu sun sa shi cikin jerin saboda yana zama jam'in "leaf", wato ganye, da na "leave", wato hutun aiki, wasu kuma sun ce ya sha bamban tunda furucinsa ɗaya ne a duka ma'anonin.

4. Mafi yawa sun ba da shawarar a karanta jimla gaba ɗaya kafin a furta kalmar.