Me ya jawo ƙarancin gidaje a Holan bayan rikicin kuɗi na 2008?

Mai Nazari:
Assalamu alaikum. Akwai abin da ya ɗaure mini kai game da ƙasar Holan. Farashin gidaje a can ya faɗi da kimanin kashi 20 cikin ɗari tsakanin 2008 da 2013, amma yau ana maganar ƙarancin gidaje kusan 400,000. Yaya aka yi ƙasar da gidajenta suka rasa masu saye ta koma tana neman inda za ta zaunar da jama'arta?

Uwar Gida:
Wa alaikumus salam, Malam. Tushen matsalar bashi ne. Kafin rikicin, bankuna suna bai wa mai saye rancen da ya zarce darajar gidan kansa, gwamnati kuma tana sassauta masa haraji a kan kuɗin ruwan rancen da yake biya, saboda haka mutane da yawa ba su damu da rage uwar kuɗin ba. Da farashi ya faɗi, sai kusan kashi ɗaya cikin uku na masu rancen gida suka wayi gari bashinsu ya fi gidan daraja, kuma wanda ke cikin wannan hali ba ya iya sayarwa ya ƙaura. Bankunan ma sun ji jiki, domin gwamnati ta karɓe ABN AMRO a 2008, sannan SNS Reaal a 2013. Daga 2013 aka wajabta wa sabbin masu rance biyan bashin cikin shekaru 30 idan suna son sassaucin harajin.

Magini:
Hajiya ta yi bayani mai gamsarwa, sai dai a ganina babban raunin yana wajen gini. Ƙananan hukumomin Holan sun saba sayen filaye da kansu, su gyara su, su sayar wa masu gini. Da kasuwa ta tsaya cik, sai filayen suka zame musu ƙarfen ƙafa, birane irin su Apeldoorn suka tafka asara, aka jingine sabbin unguwanni. Ƙungiyoyin da ke gina gidajen haya masu rahusa su ma hannunsu ya ɗaure, musamman bayan ɗaya daga cikinsu, Vestia, ta yi asarar kusan yuro biliyan 2 a 2012, aka kuma ɗora musu sabon haraji a 2013 wanda ba a soke shi ba sai 2023. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne rushe ma'aikatar gidaje da tsara ƙasa a 2010, daidai lokacin da aka fi bukatarta. Gidajen da ake kammalawa a shekara suka ragu daga sama da 80,000 a 2009 zuwa kimanin 45,000 a 2014, kamfanoni suka durƙushe, ƙwararrun magina suka kama wasu sana'o'in, alhali yawan jama'a yana ƙaruwa.

Mai Nazari:
Na gode ƙwarai. Ke nan farashi ya farfaɗo cikin 'yan shekaru, amma gidajen da ba a gina ba su ne ake nema har yanzu. Malam Magini, filayen da aka jingine fa, an koma kansu kuwa?

Magini:
An koma kan wasu, kamar kashi na biyu na unguwar IJburg a Amsterdam, amma bayan jinkirin shekaru, kuma da tsadar gini wadda ta wuce ta da nesa ba kusa ba.