Tsaron manhaja ko auna haɗari, wanne zan sa a gaba?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata biyu ina rubuta manhaja. Makon jiya na bi aikinmu da manhajar binciken ɓaraka, ta zubo min gargaɗi sama da ɗari, rabinsu ja wur. Na rasa ta inda zan kama. Shugaban sashenmu ya ce auna haɗari ne ban iya ba, ni kuwa gani nake wannan cike takardu ne kawai. Lokacin karatuna kaɗan ne, ku ba ni shawara.

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, ƙanena. Fara gyara hannunka tukuna. Abin da baƙo ya rubuta kada ka manna shi kai tsaye cikin umarnin SQL, wato yaren da ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi. Kalmar sirri a ɓadda ta da bcrypt ko Argon2, dabarun sauya mata kama yadda ba za a iya karanta ta ba, kafin a adana. Mabuɗin sirri kuwa kada ya shiga Git, manhajar da ke adana tarihin sauye-sauyen aiki, don ko ka goge yana nan kwance cikin tarihi. A jerin manyan haɗurran manhaja na 2021 na OWASP, ƙungiyar tsaron manhaja, matsala ta ɗaya ita ce sakaci wajen tantance wa ke da izinin ganin me. Gwada yau: shiga asusunka, ka canza lambar da ke ƙarshen adireshin shafin, ka ga abin da zai fito.

Amsa ta biyu: Malam, gaskiyarka, amma ba ka sauke masa nauyin ba, gargaɗi ɗari ne jibge a gabansa. Ka tuna kutsen da aka yi wa Equifax, kamfanin Amurka mai ajiye bayanan bashin mutane, a 2017. Facin toshe ɓarakar Apache Struts, manhajar da suke amfani da ita, ya fito tun Maris, ba a sa ba, masu kutse suka kwashe bayanan mutum kusan miliyan 147. Maganin yana nan, sa shi a kan lokaci ne ya gagara. Ɗan uwa, kowane gargaɗi ka tambayi kanka: ƙofar nan tana kallon intanet? Me ke ajiye a bayanta? Ni maki 9.8 a CVSS, ma'aunin tsananin ɓaraka, a kwamfutar gwaji da ba ta haɗe da komai bai hana ni barci kamar maki 6 a shafin biyan kuɗi ba. Auna haɗarin ke nan, ba takarda ba.

Amsa ta uku: Da ɓarakar Log4j, wani kayan aro da ake sawa cikin manhaja, ta bayyana a Disamban 2021, kwana biyu muka yi muna laluben inda muka sa shi. Ka rubuta sunan duk kayan aron da ke cikin aikinku tun yanzu.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Malam, na canza lambar, sai ga rasit ɗin wani da sunansa da lambar wayarsa. Abin da ya ɗaure min kai, babu wannan a cikin gargaɗin ko kaɗan. Na sanar da shugabanmu, da wannan ɓarakar za mu fara gobe da safe.