Zafin tafin ƙafar Hajiya: in sayo B5 ko a fara gwaji?

Baban Khadija, Agege: Assalamu alaikum. Hajiyarmu ta haura sittin, da dare tafin ƙafarta na zafi kamar ta taka garwashi, sai ta tsoma shi a ruwan sanyi take barci. Mai kemis ya ce ƙarancin bitamin B5 ne, a sayi mai miligram 500. In saya, ko asibiti za mu fara?

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. A shafa mata man zaitun da dare, Allah ya ba Hajiya lafiya.

Malam Aminu, mai harhaɗa magani: Baban Khadija, dakata da sayen nan. B5 ne jiki ke gina ko'enzayim A da shi, wanda ke taimakawa wajen juya kitse da sitaci zuwa ƙarfi. Amma babba miligram 5 yake buƙata a rana, mai ciki 6, mai shayarwa 7. Abin da aka ce ka saya ninki ɗari ne. Ƙwai ɗaya yana da kusan 0.7, hantar shanu giram 85 ta haura 8, ga gyaɗa, kaza, fiya, dankalin Hausa. Ƙarancinsa na gaske sai ga wanda yunwa ta kassara, irin fursunonin yaƙin duniya na biyu a sansanonin Japan, waɗanda aka danganta zafin ƙafarsu da shi. Ga tsohuwar da ke cin abinci, a fara auna sukari kafin ta karya kumallo, da HbA1c (gwajin jini mai nuna matsakaicin sukari na watannin baya), sai bitamin B12.

Hajiya Rabi, nas a Idi-Araba: Gaskiya ce. Akwai wata maƙwabciya a Mile 12, wata da watanni ana ɗura mata B-complex, ashe sukari ne ke cin jijiyoyin ƙafar. Ƙusa ta soke ta ba ta ji ba, ƙafar ta ruɓe, aka yanke yatsu biyu. Mai kantin ko gaisuwa bai zo ba. A duba ko Hajiya na shan metformin, maganin ciwon sukari, yana rage B12. Maganin tarin fuka isoniazid kuma yana cin B6, ƙarancin su biyun ma kan kawo zafin ƙafa.

Ɗanlami Alaba Rago: Ni dubu takwas na ga kwalbar.

Baban Khadija: Dubu goma sha biyar ya ce min.

Usman Obalende: Ai shi ke nan, a riƙa kai wa Hajiya tsiren hanta kullum, maganin ma da yaji!

Malam Aminu: Hanta kam, amma ba kullum ba, bitamin A ɗinta ya yi yawa. B5 kuma yana narkewa a ruwa, don haka romon kada a zubar.

Ɗanlami: Malam, masu kemis ma sun san aiki, shekara nawa suna yi?

Hajiya Rabi: Lasisinsu na sayar da magani ne, ba na gano cuta ba, Ɗanlami.

Usman: Kuma wa ya tabbatar abin da ke kwalbar ma B5 ne? Ba a 2025 NAFDAC ta rufe kasuwar magani ta Idumota ba?

Maman Ilham: Lambar NAFDAC ɗin ma bugawa suke yi yanzu. Wa ke da amintaccen kanti a Agege?