Idan aka saka lab ɗin 'yan kasuwa cikin inshorar lafiya ta jiha, wa zai biya?

Abu_Nusaiba:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu sanin harkar asibiti ku ɗan warware min wani abu. Ni ma'aikacin jiha ne, duk wata ana cire min kuɗin taimakekeniyar lafiya a albashi, kuma gaskiya ganin likita da magani ba laifi ana samu, amma da zarar an rubuta gwajin da ya wuce na maleriya da fitsari sai ka ji an ce inji ya lalace ko sinadari ya ƙare, a je waje. Wancan watan gwajin ƙoda da na hanta aka rubuta wa uwargida, tsallaka titi kawai na yi zuwa wani lab na biya da aljihuna, ga katin inshora a hannuna. To me zai hana hukumar jiha ta yi wa irin waɗannan lab ɗin rajista su riƙa karɓar katinmu? Wani a ofis ɗinmu ya ce wai hakan cinye asusun zai yi har a ƙara mana abin da ake cirewa. Da gaske ne?

Dan_Lab:
Wa alaikumus salam Malam. Aikina ke nan, bari in faɗi abin da na sani. Ba wai an hana ba ne, a tsarin NHIA, hukumar inshorar lafiya ta tarayya, ana yi wa lab mai zaman kansa rajista in dai yana da lasisin MLSCN, hukumar da ke kula da mu, kuma hukumomin jihohi irin su KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna kusan salon biyan kuɗi ɗaya suke bi. Inda gizo ke saƙa shi ne yadda ake biya. Asibitin da ka zaɓa ana ba shi wani ƙayyadadden kuɗi a kan kowane mutum duk wata, ko ka je ko ba ka je ba, ƙananan gwaje-gwaje irin maleriya da fitsari da PCV (gwajin yawan jini) daga cikin wannan kuɗin suke fita. A tarayya naira 750 ce aka daɗe ana biya, aka ƙara a 2024, sai a 2025 aka mayar da ita 1,450. Manyan gwaje-gwaje kuwa ɗaya-ɗaya ake biyansu bayan masu inshorar sun ba da lambar izini. To in ka shigo da lab na waje, ko dai a yanko masa daga kuɗin asibitin, wanda asibiti ba zai taɓa so ba, ko a biya shi kan kowane gwaji daga asusun, wanda nan ne kuɗi zai fita sosai. Mu ma fa ba rububi muke ba, sinadaranmu kusan duk daga waje ake shigo da su, tun da aka saki naira a 2023 farashi ya tashi, ga firji dole ya kwana a kunne, ga dizal, sannan a ce ka yi aiki ka jira biya wata da watanni.

Akanta_Sabo:
Abokin aikinka bai yi ƙarya ba ranka ya daɗe. Yi lissafi da kanka, misali kawai nake bayarwa: a ce mutum 200,000 ne a tsarin, kowa ya ƙara gwaji ɗaya tak na naira 3,000 a shekara, naira miliyan 600 ke nan. Kuma asusun ba rijiya ba ne, abin da aka cire muku ne da ɗan abin da jiha ta zuba in ta zuba, sai kason marasa ƙarfi daga BHCPF, asusun lafiya na gwamnatin tarayya, wanda dokar lafiya ta 2014 ta ce aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, shi ma rabawa ake da cibiyoyin lafiya na matakin farko. Abin da ya fi damuna ma ba farashin ba ne, la'ada ce. Kowa ya san akwai inda ake rubuta maka takarda a ce ka je lab kaza ban da kowane, saboda akwai kason mai rubutawa. Yanzu da mutum ke biya da aljihunsa yana iya cewa likita rage min, ranar da aka ce hukuma ce za ta biya wa zai ce a rage? Duk mai zazzaɓi sai an jera masa Widal, gwajin da su kansu likitoci ke cewa shi kaɗai ba ya tabbatar da taifot, a biya kuɗin gwaji sannan a biya kuɗin maganin cutar da wataƙila ma babu ita.

Maman_Hanif:
Malam Akanta ka lissafa abin da zai fita ne kawai, ba ka lissafa wanda yake fita yanzu ba. Ni nas ce, kullum ina ganinsu, a ba mutum takardar gwaji ya ninke ta ya sa a aljihu ya tafi gida don ba shi da kuɗin, bayan wata shida a kawo shi ranga-ranga ƙafa ta kumbura, ashe suga ne ko hawan jini ya taɓa ƙoda. Kwanciyar nan da ƙarin ruwa da allurai wa ke biya? Asusun nan dai. In ta kai ga wankin ƙoda kuwa, sau biyu ko uku ake so a sati, zama ɗaya ya fi kuɗin gwajin suga na shekara. Kuma in gwamnati ta ce ita za ta sayi injin a kowane asibiti, mun sha gani, a kawo shi da biki, sinadarin farko ya ƙare, a lulluɓe shi da zani. Gara a biya wanda injinsa ke aiki.

Dan_Lab:
Anti kin gama magana. Malam Akanta maganar la'ada akwai ta, ba zan kare kowa ba, amma ai tana da magani. A fitar da jerin gwaje-gwajen da aka yarda da su da farashin kowane, a ce babba sai da lambar izini, a riƙa duba wane asibiti ne ke tura mutane fiye da kima, kuma kar a buɗe wa duk mai shago da madubin duba jini ɗaya, a ɗauki kaɗan masu lasisi a kowace ƙaramar hukuma. Ba ma dole majinyaci ya je ba, a ɗebi jinin a asibiti mai babur ya kai, kamar yadda ake kai majinar masu tarin TB wajen injin GeneXpert.

Akanta_Sabo:
Masu dubawar nan da kwamfutocinsu su ma albashi za su ci, a saka a lissafi. Amma in da iyaka da lambar izini, na sassauto.

Abu_Nusaiba:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Dan_Lab, rasit ɗin wancan gwajin yana nan na ajiye, akwai hanyar da ake bi a mayar wa mutum kuɗinsa ko sai dai haƙuri?

Dan_Lab:
Ka haɗa shi da takardar da likita ya rubuta ka kai teburin inshora na asibitin, ka tambaye su ko an nemi lambar izini kafin a tura ku waje. In ba a nema ba zai yi wuya, amma ka shigar da ƙorafi a rubuce, ka riƙe kwafi.