Dan Allah ku bani shawara, yarona ya fara taɓa giya a Jamus

Maman Samari: Assalamu alaikum yan uwa, wlh kwana uku kenan ban runtsa ba. Mun zo Jamus babban ɗana yana shekara uku, farko wani ƙauye aka kaimu ko masallaci babu, ni na koya masa karatu da kaina har izu biyu, saboda islamiyyar Asabar ma na matsa muka dawo Hamburg duk da tsadar haya, kuma yaro ne mai kunya ko ido baya haɗawa da baƙo. Yanzu shekararsa 15. Ran Asabar ya dawo daga bikin bazday ɗin abokinsa na ƙwallo, ya sunkuya zai cire takalmi sai naji warin. Wai Radler ne, rabi giya rabi lemo, kuma uban abokin ne da kansa ya miƙa musu. Na kira mutumin sai dariya yake, wai nan da wata huɗu yaron zai cika 16 doka ta bashi dama ya siya giya da kansa a kanti. Babansa kuma cewa yayi in ƙyale shi ya dinga zuwa, gara ya sha kaɗan mun sani da ya koma sha a ɓoye a tashar jirgi. Akwai wani bikin nan da sati biyu. In barshi ko in hana?

Alhajin Group: Subhanallah. Hajiya wannan ma har abin tambaya ne? Abin da mai yawansa ke bugarwa kaɗan ɗinsa ma haramun ne, ba ruwan addini da dokar Jamus. Ki yanka masa tikiti ki kaishi Kano wajen dangi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Anty Kaduna: Alhaji a gidan ma ai ba a tsira ba. Ɗan yayata daga Landan aka dawo dashi don tarbiyya, cikin shekara ɗaya ya koyi kodin da tiramadol, abin da ko sunansa bai sani ba a can. Tun 2018 gwamnati ta hana maganin tari mai kodin amma je ki bayan layinmu ki ga kwalabe. Uwar har yau bata min magana wai ni ban sa ido ba, ni da nake da nawa biyar.

Alhajin Group: Wannan sakacin masu riƙo ne. Ni nawa uku na tura, duk sun sauke.

Ɗan Nima: Yaya, duk abin da zaki yi kar ki ɗaga masa hannu. Tun shekarar 2000 dukan yaro laifi ne a nan Jamus, in ya faɗa a makaranta Jugendamt, wato hukumar kula da yara, zasu ƙwanƙwasa miki ƙofa. Ni tsawa kawai nayi wa 'yata maƙwabciya ta kira su, wata shida ina zarya ofis. Kuma mai 16 giya da wayin (giyar inabi) kaɗai ake sayar masa, su wiski da vodka sai 18, amma a bikin yara wa ke duba kwalba?

Ummi: Anty ki barshi yaje amma ke zaki kaishi ki ɗauko shi ƙarfe goma, ki haɗa shi da lemonsa. In kika kulle shi ranar da ya cika 18 zai tattara kayansa. Wai babansa musulmi ne kuwa? Maganarsa ta ɗaure min kai.

Maman Samari: Ummi ba zancen babansa na kawo ba. Alhaji kuma ba inda zan tura ɗana, Hausar ma da ƙyar yake haɗawa, makarantarsa fa? Kuma masu min magana ta inbox wai nayi sake, ni nake tashinsa asuba kullum, sau ɗaya ne fa abin ya faru.

Alhajin Group: Sau ɗaya kika kama dai. To tunda kin riga kin yanke hukunci me kika zo nema?

Maman Samari: Ni ban yanke komai ba wlh. Gashi nan ya shigo, bari in zuba masa abinci zan dawo.

Anty Kaduna: Allah ya shirya mana. Cikinku akwai mai tahowa gida watan nan? Ina da saƙo.