Na sa LED a agogunan dashbod: haske ya yi dabbare-dabbare, fitilar caji kuma ta ƙi mutuwa

Mai_MGB70:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Motar MGB ce ƙirar 1970, volt 12, negatib ne a jikinta, kuma altaneta gare ta. Agogunan na kamfanin Smiths ne guda huɗu: maleji, agogon juyin inji, gejin fetur, sai wanda ya haɗa zafin ruwa da ƙarfin baƙin mai. Da dare da ƙyar ake karanta su, shi ne na cire tsofaffin ƙwayayen na sa farare na LED masu gindin murɗawa. Na haɗa har da na alamar doguwar fitila da jar fitilar caji.

Yanzu abu uku ne suka dame ni. Hasken ya taru wuri guda a kowane agogo, sauran fuskar na cikin duhu, launin kuma kamar shuɗi-shuɗi. Maɓallin rage haske ba ya yin komai sai an kai shi ƙarshe, nan kuma ya kashe gaba ɗaya. Na uku shi ne ya fi ba ni tsoro: idan na tayar da mota jar fitilar caji ba ta mutuwa a silo, sai na taka totur sosai. Ƙwayayen ne jabu, ko wani abu na ɓata a wayarin?

Lanwaya:

Wa alaikumus salam Malam. Fara da na ukun yau ɗin nan, sauran biyun za su iya jira. Ka mayar da tsohon ƙwai mai zare a gurbin fitilar caji.

Wannan fitila ba alama kaɗai ba ce, tana cikin da'irar caji. Idan ka murɗa makulli, wuta tana fitowa daga farar waya, ta bi ta cikin ƙwan, ta fita ta waya mai ruwan ƙasa da ratsin rawaya zuwa ƙaramar ƙafar altaneta. Wannan 'yar wutar ce take fara ɗora maganaɗisu a kan rota, wato abin da ke juyawa a cikin altaneta, kafin altaneta ta soma ciyar da kanta. Ƙwan asali wat 2.2 ne, yana wucar da kusan miliamfiya 180. Ƙaramin LED kuwa 20 ne ko ƙasa da haka. Da wannan altaneta ba ta farkawa sai an ba ta juyi mai yawa, shi ya sa fitilar ke mutuwa sai ka taka totur. Wanda ya tayar da mota ya bar ta a silo da fitilu a kunne, batir yake ci ba tare da ya sani ba.

Idan lallai LED kake so a wurin, sai ka haɗa rezisto mai om 68, wat 5, a tsakanin wayoyin biyu, kafaɗa da kafaɗa da LED ɗin, ba a jere da shi ba. Om 68 a volt 12 zai ja kusan abin da tsohon ƙwan ke ja. Yana ɗumi idan makulli na kunne inji na kashe, don haka kada ka naɗe shi da tef a cikin damin wayoyi. Amma a ganina wahala ce ba riba: fitilar da ke kamawa daƙiƙa biyar a rana ba ta cin batir, ba ta kuma ƙonewa da wuri.

Bayan ka mayar, ka auna a kan batir da mita. Inji a kashe 12.4 zuwa 12.6, inji na aiki da ɗan totur 13.8 zuwa 14.4. Idan ka ga haka ka huta.

Baba_Injiniya:

Lanwaya ya gama magana a kan caji. Ni bari in ɗauki batun hasken, don nan ne mutane suka fi yin asarar kuɗi.

Agogon Smiths ba daga bayan lambobi ake haska shi ba kamar na motocin yanzu. Fuskarsa ƙarfe ce, haske ba ya ratsa ta. Ƙwan yana zaune a cikin gwangwanin daga baya, haskensa ya bugi bangon ciki da aka shafa wa fenti mai haske, ya zagayo ta siririn sararin da ke tsakanin gefen fuskar da gwangwani, sannan zoben da ke ƙarƙashin gilashi ya maido da shi kan lambobi da allura. Kenan aikin gaba ɗaya na hasken gefe ne. Ƙwai mai zare yana watsa haske ko'ina. LED mai kan kwalba ɗaya kuwa gaba yake harbawa kamar tocila, sai ya bugi bayan fuskar ya tsaya nan. Abin da ya tsira ta gefe shi ne tabon da kake gani.

Wanda ya dace shi ne mai ƙananan ƙwayoyi a kewayen jikinsa, huɗu a gefe ɗaya a kai misali, ko mai farin murfi dusu-dusu da ke baza haske. Kafin ka saya ka ɗora tsohon ƙwan a kan rula ka auna tsawo da kauri. Idan sabon ya fi shi tsawo da milimita huɗu ko biyar yana iya taɓa kayan ciki, a maleji ma har ya goga abin da ke juyawa allura ta fara rawa. Idan ya fi kauri ba zai shiga ramin ba.

Gindin naka E10 ne, wanda kamfanin Lucas ke kira 987. Ga masu wasu motocin da ke karatu: BA9s shi ne mai gindin milimita 9 da 'yan kunnuwa biyu, ana dannawa a juya, ya yi yawa a tsofaffin motocin Amurka da lambobi irin 53, 57 da 1895. BA7s ƙaninsa ne, milimita 7, ana samunsa a agogunan VDO na motocin Jamus. Daga baya aka koma masu gindin gilashi da ake cusawa kawai, T10 da T5. Kada ka dogara da jadawalin mai sayarwa, mota mai shekara hamsin hannaye da yawa sun bi ta kanta. Cire ka gani da idonka.

Launi kuma, abin da ka sa mai 6000K ne ko sama a ma'aunin launin haske, shi ya sa yake shuɗi. Nemi 2700K zuwa 3000K, shi ne ya yi kusa da hasken zare, kuma fararen lambobin da suka tsufa suka koma ruwan madara sun fi kyau a ƙarƙashinsa. Inda akwai gilashi mai launi a gaban ƙwai, ka sa LED mai launin gilashin: ja bayan ja, kore bayan kore. Farin LED asalinsa shuɗi ne da aka lulluɓe da sinadari mai rawaya, jan da ke cikinsa kaɗan ne, shi ya sa bayan jan gilashi yake fitowa a koɗe.

Abin da ba a son ji shi ne, rabin duhun ba laifin ƙwai ba ne. Fentin cikin gwangwani ya dafe, gilashi ya yi hazo ta ciki, tsohon ƙwan ma kansa ya yi baƙi. Zoben gaban Smiths juya shi ake yi har 'yan haƙoransa su zo daidai da gurabunsu ya fita, sai dai robar da ke ƙarƙashi takan bushe ta manne, a bi ta a hankali. Goge gilashin, ka sake shafa farin fenti marar ƙyalli a bangon ciki, shafi biyu marasa kauri. Fuskar agogon kuwa kada ruwa ko fetur ko tsinar ya taɓa ta, lambobin suna bin tsumma. Burushi mai laushi ya isa. Na VDO zobensu matse shi aka yi da inji, buɗe shi aikin mai gyaran agogo ne.

Mai_MGB70:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na mayar da tsohon ƙwan caji, fitilar tana mutuwa da an tayar, mita ta nuna 14.1. Saura maɓallin rage haske. Wani ya ce in sayi ƙwayayen da aka rubuta CANbus a jikinsu, wai su ne ke aiki da shi. Haka ne?

Lanwaya:

A'a Malam, bar su. An yi su ne don motocin zamani masu kwamfutar da ke lura da ƙwan da ya ƙone. Rezisto aka ƙara musu a ciki don su ja wuta, sai su yi zafi a banza a cikin rufaffen gwangwani. Motarka ba ta da abin da za a ruɗa.

Maɓallin naka rezisto ne mai sauyawa da aka jera da fitilun. Yawan volt ɗin da yake cinyewa ya dogara da yawan wutar da ke bi ta cikinsa. A ce ka juya shi ya kai om 10. Ƙwayaye huɗu masu wat 2.2 suna jan kusan amfiya 0.7, don haka volt da yawa za su faɗi a kansa, haske ya dusashe. LED huɗu kuwa duka-duka amfiya 0.08, sau om 10 bai kai volt ɗaya ba. Ido ba zai ga bambanci ba. Ƙari a kan haka, LED masu da'irar daidaita wuta a ciki, irin waɗanda aka rubuta 10 zuwa 30 volt, da gangan aka yi su kada haskensu ya sauya. Suna nan yadda suke har wutar ta gaza, sai su ɗauke lokaci guda.

Hanya mafi sauƙi: ka sayi LED marasa wannan da'ira, masu rezisto kawai, waɗanda aka ce ana iya rage haskensu, sannan ka ƙara wa layin nauyi. Rezisto mai rigar alminiyam, om 22, wat 25, ƙafa ɗaya a kan jar waya mai ratsin fari da ke fita daga maɓallin zuwa agoguna, ɗayar a jikin mota. A ɗaure shi da noti a kan ƙarfe don ya sha zafinsa, wajen wat 9 yake ƙonawa.

Injiniya_Hauwa:

Da izinin Oga Lanwaya, wannan dabarar tana aiki, amma ni ba zan ba da shawararta ba. An cire wat 9 na ƙwayaye an mayar da wat 9 na hita a bayan dashbod, kuma tsohon maɓallin da aka so a sauƙaƙa wa yana nan yana ɗaukar kayan da ya saba.

Mai rage haske na PWM ya fi. Shi ba ya rage volt, kunnawa da kashewa yake yi da saurin da ido ba ya kamawa, tsawon lokacin kunnawar ne ke sauya haske. Amma ga tarkon: yawancin masu arha da ake yi don LED na ado wayar negatib suke yankewa. Ƙwan agogonka kuwa negatib ɗinsa ta jikin gwangwani yake samu, waya ɗaya ce kawai ke zuwa masa. Ka haɗa irin wannan, ko dai hasken ya tsaya a cike kullum ko ya ƙi kamawa sam. Dole ka nemi wanda ke yanke fozitib. Haɗinsa waya uku: shiga daga wayar da ke kawo wuta ga tsohon maɓallin, fita zuwa ja mai ratsin fari, sai baƙa zuwa jiki. Sa fis na amfiya 2 a wayar shiga, don a motoci da yawa na zamanin wannan layi ba shi da fis ko ɗaya. Idan rediyo ya fara tsiwa bayan haɗi, nisanta na'urar da wayar eriya ka gajarta wayar jikinta.

Akwai kuma hanya ta uku da babu kunya a cikinta: zaɓi ƙwai mai matsakaicin haske, ka haɗe wayoyin maɓallin biyu wuri guda, ka bar shi a dashbod don ado. Sai dai alamar doguwar fitila ba ta bi ta maɓallin, kuma shuɗin LED mai ƙarfi a hanya mai duhu yana soka ido. Can ma tsohon ƙwan ya fi, ko a jera wa LED ɗin rezisto na om 1000 zuwa 2200 har ya lafa.

Kafin ka zargi kowane ƙwai da ƙiftawa, duba jiki. Agogunan suna samun negatib ta baƙar wayar da aka maƙala a ƙarƙashin notin da ke riƙe su. Tsatsa kaɗan a nan ta isa ta sa haske rawa, gejin fetur ma ya yi ƙarya. Goge da sanfefa mai laushi har ƙarfe ya fito, haka ma ɗan ƙarfen tsakiyar soket.

Baba_Injiniya:

Hauwa ta yi daidai a kan PWM. Abu biyu zan ƙara tunda za ka sake shiga bayan dashbod.

Cire kan batir na negatib tukuna. Makunnin fitila da na makulli suna da wuta kullum, sifana ɗaya ta taɓa su da jiki waya ta narke. Agogon zafi da mai kuma kada ka ja shi waje da ƙarfi. Siririn bututun da ya tafi kan inji a rufe yake da wani sinadari mai suna ether a ciki, idan ya lanƙwashe ya tsage gejin ya mutu, ba a kwance shi daga bayan agogo. Ɗayan bututun baƙin mai ne na gaske a cikinsa. Ƙwan kawai za ka zaro da soket ɗinsa, agogon ya zauna inda yake. Kuma ka kunna ƙananan fitilu ka gwada kowane ƙwai kafin ka ɗaure komai.

Ga masu motocin da suka girmi taka: LED hanya ɗaya yake wucar da wuta. MGB kafin ƙarshen 1967 fozitib ne a jikinta, haka yawancin motocin Ingila na lokacin. Mai gindin T10 idan ya ƙi kamawa sai a zare a juya shi, amma E10 da BA9s ba su juyuwa, dole a sayi na fozitib a jiki ko wanda ba ya zaɓen ɓangare. Volkswagen Beetle har 1966 volt 6 ce, ƙwan volt 12 da ƙyar zai yi ja a cikinta.

Sai motocin da ke da alamar sigina guda ɗaya tak a dashbod. A wasunsu ƙwan yana tsakanin layin hagu da na dama, yana samun jiki ta cikin ƙwayayen ɓangaren da ba a kunna ba. Sa masa LED mai zaɓen ɓangare, zai yi ƙifta a gefe ɗaya kawai. Idan kuma siginonin waje ma LED ne, wutar da ke ratsawa ta isa ta kunna duka huɗun. Maganinsa dayod biyu 1N4007, ɗaya daga kowane layi, ƙafafunsu masu zobe a haɗe zuwa ƙafa ɗaya ta ƙwan, ɗayar ƙafar a kai ta jiki kai tsaye. Fitilar ƙarewar fetur da ke aiki da tamista (rezisto mai sauyawa da zafi) a cikin tanki, irin ta motocin Japan da yawa na shekarun 1970 da 1980, ita ma wutar ƙwai mai zare take buƙata. Da LED za ta zauna a kunne ko tanki a cike yake.