Neman kalmar Hausa: cutar da ke cin magana a hankali, da maganin da ake gwada mata

Malamai da 'yan uwa masu aikin fassara a Gusau da kewaye, ina neman mu tsayar da suna ga wata cuta da likitoci ke kira afesiya mai ci gaba, wadda likita Marsel Mesulam na Amurka ya bayyana a 1982. Ƙwayoyin ɓangaren ƙwaƙwalwa mai kula da magana, wanda galibi yake gefen hagu, su ne ke mutuwa sannu a hankali, kuma sau da yawa tana kama mutum ne yana da shekara 50 zuwa 60 da wani abu, lokacin da iyali suka fi dogara da shi.

An kawo mini shawarwari, kuma na gode. "Bebantaka" ba ta dace ba, domin mutumin nan ya yi shekaru yana ciniki yana wa'azi, kuma har yanzu sauti na fita daga bakinsa. "In'ina" ma ba ita ba ce. "Ciwon harshe" zai sa dangi su buɗe bakin maras lafiya suna neman ƙurji. Wanda ya fi damuna shi ne "gigin tsufa", saboda a shekarun farko mutumin yana cikin hayyacinsa: zai ɗauki buta ya yi alwala daidai, ya gane jikokinsa, ya san hanyar kasuwa, amma a tambaye shi sunan abin da ke hannunsa sai ya tsaya yana cewa "abin nan, abin nan", yana jin zafin rasa kalmar. Kiran irin wannan dattijo mai gigi zalunci ne, kuma yana sa a daina shawara da shi tun bai kai ga haka ba.

Ni abin da na tsayar shi ne "zaizayar magana". Duk wanda ya ga yadda ruwan damina ke cin bakin gona ya san zaizaya ba ta faruwa a dare ɗaya, kuma ba ta mayar da abin da ta ci. Wannan ya bambanta ta da ɗaukewar magana bayan shanyewar ɓarin jiki, wadda ke zuwa farat ɗaya kuma takan yi sauƙi daga baya.

Sai maganin. Masu bincike, cikinsu har da Kyrana Tsapkini ta Jami'ar Johns Hopkins, suna ɗora wasu 'yan soso biyu da aka jiƙa da ruwan gishiri a fatar kai, su saki lantarki mai rauni ƙwarai, miliyam 1 zuwa 2, na kimanin minti 20, alhali maras lafiya yana zaune a farke yana aikin ambaton sunayen hotuna ko rubuta kalmomi tare da ƙwararre. Abin da yake ji bai wuce ɗan ƙaiƙayi ba. Saboda haka ban yarda a kira maganin "jona wa ƙwaƙwalwa wuta" ba, domin babu ɗan da zai ji wannan ya kai mahaifiyarsa asibiti, kuma mutane za su ɗauka shokin nan ne da ake yi wa wasu masu taɓin hankali, wanda wani abu ne daban. "Zaburar da ƙwaƙwalwa" ya fi kusa da gaskiya, tunda lantarkin yana sa ƙwayoyin su fi saurin amsawa ne kawai, aikin kuwa darasin ke yin sa.

Darasin kansa na so in kira shi "horon magana", amma horo a bakinmu yana ɗauke da ma'anar hukunci. "Bitar magana" ta fi, domin kalmomin da ake maimaitawa nasa ne tun yarinta. Cikakken sunan ke nan: zaburar da ƙwaƙwalwa haɗe da bitar magana. Ina roƙon kada mu sa "waraka" a ciki, saboda har yanzu bincike ake yi, kuma abin da aka gani shi ne wasu kan riƙe kalmomin da suka bita na tsawon watanni, cutar kuwa ba ta tsaya ba.

A 2011 an raba cutar gida uku: mai wahalar haɗa jimla, mai rasa ma'anar kalma, da mai laluben kalma. Ina son jin yadda mutanen Ƙauran Namoda da Talata Mafara za su kira kowanne kafin mu rubuta.